Akwatin Wifi na Matan Tsamiyar Illa Ya Rasu Ranar Sunansa

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har bakinta, Ƙungiyar Mata Masu Matsar Man Gyaɗa ta Tsamiyar Illa, a yankin Dungas, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin wifinta. Ya cika ranar Asabar da hantsi, bayan shekara uku da wata biyu yana hidima. Wanda ya leƙa biro, wato ofishin ƙungiya, yau zai ga ƙusa biyu a bango, da ɗan fili mai kusurwa huɗu a tsakaninsu inda farar ƙasa ba ta dushe ba. Nan ne mazaunin marigayi.

Ana ba jama'a haƙuri da ganin wannan sanarwa da rubutun hannu, manne a ƙofa. Wanda ya saba kai mana saƙo gari-gari shi ne ya kwanta. Mai karatu zai kuma lura ba a ambaci sunan marigayi a sama ba. Ba mantuwa ba ce. Har yanzu kwamiti bai daidaita a kan sunan ba, ga shi kuwa sunan ne ya yi ajalinsa.

An haifi marigayi a ƙasar Sin, kamar yawancin danginsa. Ya yi ƙuruciyarsa a wani shagon gyaran waya a Sabha ta Libiya. Can Maina ya gan shi, ɗan farin Inna Kellu, wanda ke aikin gini a ƙasar shekara tara ke nan. Ya saye shi, ya naɗe a tsohon bargo, ya haɗa da waya guda ta mahaifiyarsa, ya ba direba. Bai ce a kai ɗakinta ba, cewa ya yi a kai biron ƙungiya. Mutane sun ɗauka don a can sola take. Waɗanda suka san Inna Kellu sun san ɗan ya san uwarsa: da ɗakinta aka kai, da har yau yana ƙarƙashin gado cikin bargonsa.

Nafi'u mai gyaran waya ne ya zo daga Magarya ya kafa doguwar sanda a kan rufi, domin rezo, wato sabis ɗin waya, a Tsamiyar Illa a sama yake wucewa, ba ya saukowa ya gaisa da kowa. Da ya gama, ya tambayi matan wane suna zai sa wa abin, sunan da zai riƙa fitowa a wayar duk wanda ya matso kusa. Kowa ta dubi 'yar'uwarta. Nafi'u yana sauri, sai ya duba kwalin, ya kwafe sunan wanda ya aiko. Haka marigayi ya zama Maina, ba rago, ba goro.

Ya rayu rayuwa ta kamun kai. Bai taɓa cin abincin kowa ba sai hasken rana. Asirin gari duka ta cikinsa ya bi, na amare da na zawarawa da na masu neman magani, amma ba a taɓa jin ya faɗa wa wani ba. Ba ya bambanta shugaba da mai wankin turmi. Samarin da ke laɓewa bayan katanga suna kallon ƙwallo da ƙarfinsa ma bai taɓa kai ƙararsu ba. Ta hanyarsa ƙungiya ta sami masu sayen mai a Damagaram, ta hanyarsa aka gane ashe ƙuli-ƙulin garin nan har Yamai ana tambayarsa.

Ba mai yawan magana ba ne. In an kunna shi da safe yakan ce ƙit, sau ɗaya, ya buɗe idanunsa huɗu korra ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai wani siririn tsiii da ba ya jiyuwa sai an tsayar da daka. Yana da nasa rauni, kamar kowa. In hadari ya haɗo yakan ja ido ɗaya ya yi ja, ya ƙi kula kowa. Maganinsa bai taɓa canzawa ba: a kashe shi, a ƙirga goma, a kunna. Matan ƙungiya da dama sun ce da ana samun mazaje masu wannan hali, da an huta.

Cikin duk waɗanda suka amfana da shi, babu kamar Inna Kellu, kuma babu wadda za ta fi ta musun haka. Shekara talatin da huɗu ke nan da ta haifi ɗanta na fari, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Ranar da ya tafi Libiya tana bayan gida tana sussuka, ba ta fito ba. Haka uwarta ta yi da ita, haka ake yi, kuma garin nan yana girmama ta a kan haka. Sai ga sunan da ta yi shekaru tana kewaye shi ya zo ya zauna a bangon biro, yana fitowa a wayar kowa. Sa'o'inta suka yi mata kara, suka riƙa ce wa akwatin Na Bango. Matasa kuwa ba ruwansu.

Kowace Juma'a bayan la'asar takan zo biro da ƙwaryar gyaɗarta, ta ce gidanta zafi, inuwar nan ta fi. Ta zauna daidai ƙarƙashin marigayi, ta kwance wayar daga bakin zane, ta ajiye a gefen tabarma kamar abin da ya dame ta da nauyi. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa cewa a duba mata komai ba. Ummul Khairi, mai riƙe da takardun ƙungiya, ita ke ɗaukar wayar da sunan za ta sa mata sharji. Can sai muryar namiji ta tashi daga kan tebur, yana gaida mutan gida, yana cewa aiki da godiya, ya ci abinci, ciwon bayan ya yi sauƙi. Inna Kellu takan juya wa teburin baya tana ɓarar gyaɗa. Wanda ya kula zai ga gyaɗa guda ce a hannunta tun farkon saƙon har ƙarshensa. In ya ƙare sai ta yi tsaki, ta ce yaran yanzu sun cika surutu, ta tattara ta tafi. Ummul Khairi ta amsa masa da cewa kowa lafiya. Shekara uku ana haka, ba wanda ya kunyata.

Rashin lafiyar marigayi ta faro ne daga wata ziyara. Wasu baƙi na wani proje, irin shirin tallafin nan, suka zo ganin aikin ƙungiya, ɗaya daga cikinsu ta duba wayarta, ta tambaya cikin raha yaya aka yi wifin mata yake da sunan namiji. Ta yi dariyarta ta shiga mota. Maganar ba ta bi ta ba, nan ta zauna.

Wanda ya ɗauke ta shi ne Mushe Abubakar, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai ba ƙungiya shawara. A wurinsa duk abin da ba shi da gajeren suna na manyan haruffa bai gama zama abu ba. Ya sa aka nemo ɗan littafin da ya zo cikin kwalin, ya buɗe, ya ga TCP, ya ga DNS, ya ga DHCP. Ya tambayi Ummul Khairi, tunda ita ta yi jami'a, mene ne waɗannan. Ta ce sunayen ƙa'idoji ne da na'urori ke bi su gane juna su miƙa saƙo, kuma masana ne ke zama su yi ta muhawara kafin su yarda da kowanne. Ta so ta ƙara da cewa wannan daban ne da sunan da ke fitowa a waya, amma Mushe ya riga ya sami abin da yake nema. Ya ɗaga littafin sama.

“Kun ji ko? Duk danginsa haruffa ne, uku ko huɗu, kuma zama aka yi aka zaɓa. Mu kaɗai muka ba namu sunan mai gini.”

Shugabar ƙungiya, Hajiya Baturiya, ta ce lallai ba za a bar mu a baya ba. Aka kafa kwamitin suna.

Kwamiti ya zauna sau goma sha ɗaya cikin wata huɗu. Zama biyu na farko sun tafi a kan ko da Faransanci za a haɗa haruffan ko da Hausa. Faransanci ya yi nasara, don Mushe ya ce shi ne ake ɗauka da muhimmanci a Damagaram. Ya kawo haruffa uku masu kyau. Sai matan ƙauyukan da ke kewaye, su biyar, waɗanda su ma da gyaɗarsu a ƙungiyar, suka ce ba su ga kansu a ciki ba. Aka ƙara wa kowane ƙauye harafinsa. Sai aka tashi a kan wa zai zo gaba. Masu cewa a bi girman gari suka yi karo da masu cewa a bi wanda ya fara shiga ƙungiya. Wata shugabar ƙauye ta ga an sa nata a ƙarshe, ta kwashe matanta da turamensu, sai da aka bi ta har gida da goro. Wata baiwar Allah ta ce me zai hana a ce masa Albarka kawai a huta, aka rubuta shawararta a takarda aka gode mata. Aka yi ta ƙarin haruffa don lallashin kowa, har a zama na bakwai sunan ya yi tsawon da marigayi ya ƙi karɓa, domin ba ya ɗaukar abin da ya wuce harafi talatin da biyu. Shi ne kaɗai ya taɓa cewa a'a a wannan kwamiti.

Duk sunan da aka kawo sai Mushe ya ce a sa a gani yadda zai zauna a waya. Duk lokacin da aka canza kuwa, wayoyin gari sai su manta da marigayi kamar ba su taɓa saninsa ba, sai an sake nemo shi an sa kod. Masu baki sukan zo su ce a gyara musu. Inna Kellu ba ta da wannan baki. Takan zo ranar Juma'arta, ta ajiye wayar, ta zauna. In Ummul Khairi tana nan, ta gyara a ɓoye, murya ta tashi. In an riƙe ta a taron kwamiti, tsohuwar takan ɓare ƙwarya guda cur, ta ɗaure wayarta, ta ce yau inuwar ba daɗi. Ba ta cikin kwamitin suna. An gayyace ta, a matsayinta na wadda ta kafa ƙungiyar da turminta guda shekara ashirin da suka wuce, ta ce su yi duk yadda suka gani. Ta yaya za ta tsaya gaban mutane ta ce a bar sunan da ba ta iya faɗa?

Juma'ar ƙarshe da aka ji muryar Maina, ya ce aikin Sabha ya ƙare. Ya ce zai bi wata mota zuwa arewa, bakin teku, inda aka ce ana gini, tafiyar kwana biyu ko uku, hanyar kuma ba ta da kyau sosai. Ya ce kada a damu, in ya sauka zai turo saƙo kafin wata Juma'ar. Ran nan Inna Kellu ba ta yi tsaki ba.

Kwana biyu bayan haka, ranar Lahadi, kwamiti ya daidaita. Suna ya fito, harafi goma sha tara da 'yan sanduna a tsakani, ba mai iya faɗinsa a numfashi ɗaya sai Mushe. Murna ta sa Hajiya Baturiya ta ce wannan karon za a yi abin yadda ya kamata: ba a fito da jariri kafin kwana bakwai, ba a kiran sunansa kafin a raɗa. Aka sa Ummul Khairi ta rubuta sabon sunan da sabon kod nan take. Mushe ya zare igiyar wutar da hannunsa, ya naɗe, ya sa a aljihun babbar rigarsa. Marigayi ya rufe idanunsa huɗu, aka shiga shirin suna.

Juma'a ta faɗo cikin kwanakin nan. Inna Kellu ta zo bayan la'asar, ta dubi bango, ta ga ba ido ko ɗaya. Ta zauna duk da haka har rana ta yi sanyi. Da za ta tafi ta tambayi Ummul Khairi gobe da ƙarfe nawa ne sunan, ita da ba ta taɓa tambayar ƙarfe ba.

Ranar Asabar gari ya cika. An soya fanke, an dafa zabi, ƙauyuka biyar sun zo da anko. Tun da safe aka sauko da marigayi daga bango, aka goge shi, aka mayar masa da igiyarsa. Ya ce ƙit, ya buɗe ido. Sai aka yi masa abin da ake yi wa duk wanda ake ƙauna ranar sunansa. Aka naɗe shi cikin sabon tawul, aka rufa da atamfar anko, aka kwantar da shi a kan matashi a rumfar kwano, aka tura kaskon turaren wuta kusa da shi. Watan Afrilu ne. Ummul Khairi ta ce ƙananan ramukan da ke jikinsa na shan iska ne, bai kamata a toshe ba. Ta faɗa sau ɗaya, a hankali, daidai lokacin da aka rangaɗa guɗa. Ba ta maimaita ba, kuma tana roƙon a rubuta wannan a kanta.

An shirya cewa sai liman ya yi addu'a za a faɗi suna a ba jama'a kod. Liman ya makara, domin akwai sunan ɗan mutum a wata unguwa, ya ce shi zai fara. Inna Kellu tana tabarmar gaba cikin manya, inda idon kowa yake, wayarta a ɗaure a bakin zane, hannunta a kai. Awa uku marigayi yana cikin tawul. Waɗanda ke kusa sun ce tsiii ɗinsa ya yi ta ƙara kauri, har ya koma kamar kukan sauro a kunne, suka ɗauka murna ce. Daga baya wani wari ya biyo ƙamshin turaren. Sai ya ce ƙit, karo na biyu a rana ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Da aka buɗe tawul jikinsa ba ya taɓuwa. Aka kashe, aka ƙirga goma, aka kunna. Aka ƙirga ɗari. Liman ya iso ana yi wa marigayi fifita.

An kira Nafi'u daga Magarya, ya buɗe cikinsa, ya shinshina, ya ce sai haƙuri. Ya tambaya wa ya rufe shi da tawul. Aka ce masa ƙaddara ce.

Marigayi ya rasu ya bar sanda guda a kan rufi, tana kama rezo ba ta da wanda za ta miƙa wa. Ya bar igiyar wuta, da ɗan littafinsa, da wayoyi sittin da uku marayu. Ya bar samarin bayan katanga, waɗanda yanzu iyayensu ke ganinsu a gida. Ya bar sunaye goma sha ɗaya da aka gwada, da na goma sha biyu wanda aka rubuta ba a raɗa ba. Saboda haka Mushe yana cewa da sabon suna ya cika, Hajiya Baturiya tana cewa ba suna ya tafi, matasa suna cewa su dai Maina suka sani. Ya kuma bar saƙo guda, in har an turo shi, wanda bai samu ya isar ba.

Bayan an watse ran nan, Ummul Khairi tana naɗe tabarmi, Inna Kellu ta tsaya a kanta tana gyara ɗaurin kallabi.

“'Yar nan, in irin wannan abu ya mutu, maganar da aka ba shi ajiya ita ma mutuwa take yi?”

“A'a, Inna. Ba a cikinsa take ba. Tana can tana jira. Duk inda wayar ta sami rezo za ta sauko.”

“Kamar ina?”

“Kamar Dungas. Ki ba ni in kai gobe, in dawo in faɗa miki.”

Tsohuwar ta daɗe tana duban bakin zanenta. Ta ce ita ba ta aiki kowa ba, tambaya kawai ta yi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Liman ya ce babu salla a kan akwati, kuma ya roƙi kada a sake kiransa irin wannan taro. Za a mayar da marigayi cikin kwalin da ya zo da shi, a ɗora a saman kabad na ɗakin ajiya, kusa da ma'aunin da ya riga shi, yau Talata bayan azahar. Nafi'u ya nemi a ba shi wasu sassan jikinsa don amfanin masu rai, kwamiti yana dubawa. Za a yi zaman makoki kwana uku a inuwar biro. Masu niyyar aiko da ta'aziyya ta waya su yi wa Allah su zo da ƙafarsu. Masu tambayar ko za a samo wani, ana sanar da su cewa an kafa kwamiti, kuma ya yanke cewa ba za a sake kuskuren baya ba: sai an gama zaɓen suna kafin a nemo mai sunan.

Masu zuwa gaisuwa kada su nemi Inna Kellu a tabarmar manya. Jiya Litinin da safe, ana tsakiyar gardamar abin da za a rubuta a jikin kwalin, ta miƙe ta sa takalmanta. Ba ranar kasuwa ba ce, ba ta da mara lafiya a Dungas, ba ta ɗauki ko kwalbar mai da za ta ce sayarwa za ta kai ba. Wayar ma ba ta ɗaure a zane ba, a hannu ta riƙe ta, a fili. Ta ratsa ta gaban matan ƙauyuka biyar, ta wuce kwanar gidanta ba ta waiwaya ba, ta nufi bakin hanya inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Babu wadda ba ta san inda za ta ba, da wanda za ta nema. Mushe ya buɗe baki zai tambaya, Hajiya Baturiya ta taɓa hannun rigarsa. Sa'o'inta suka sunkuyar da kai suna duban tabarma, har ƙarar babur ɗin ta ɓace.